Ɗalhatu da Fard ɗin Tsoho

Malam Ɗalhatu mutumin Malumfashi ne, direba, kuma a duk Hausawan da na zauna da su a Doha ban ga mai tsoron hukuma kamarsa ba. Shekara goma sha tara yana tuƙi a garin nan, ko tarar danja ɗaya ba a taɓa rubuta masa ba. In ya hango motar 'yan sanda a madubi, sai ka ga ya gyara zama ya kama sitiyari da hannu biyu, alhali bai yi komai ba. Katinsa na zama kullum yana aljihun ƙirji cikin leda, ko banɗaki zai shiga sai ya shafa ya ji yana nan. Mukan yi masa tsiya, ya ce mu yi ta yi, shi dai da ƙafarsa ya zo kuma da ƙafarsa yake so ya koma, ba da ankwa ba. To wannan bawan Allah ne ya kwana wata huɗu da bindiga a ƙarƙashin gadonsa bai sani ba.

Ni sunana Ghali, tasi nake ja, kuma gadona ne a saman nasa a ɗakinmu na unguwar Najma, inda mu shida muke zaune. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da ni aka yi.

Kafin ya zo Doha, Malam Ɗalhatu motar haya yake ja tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Amma ya yi karatu. Ya sauke Alƙur'ani, ya zauna gaban malamai a zaure ya karanta littattafan fiƙihu, yana da Larabci irin na littafi, mai wasali cif-cif. Da ya sauka nan yana taƙama da shi, sai ya tarar mutanen gari wani abu daban suke yi da bakinsu. A hankali ya tsinci na tuƙi da na cefane, yalla da khalas da dama da hagu, amma duk kalmar da ta shiga kunnensa sai ya fara kai ta gaban littafi tukuna ya ga me take nufi a can. Matarsa Wasilatu tana gida da yara biyar, sau ɗaya yake zuwa a shekara biyu.

Duk shekarun nan gida ɗaya ya yi wa aiki, gidan wani dattijo a unguwar Old Airport da ake kira Bu Nasir. Ba wani attajiri ba ne, tsohon ma'aikacin gwamnati ne mai 'ya'ya biyu: babbar mace, Wadha, malamar makaranta, sai namijin, Nasir, mai zafin kai, wanda sau ɗaya na ɗauke shi a mota na ce Allah ya raba ni da na biyu. Tsohon bai iya faɗin Ɗalhatu ba, Talha yake ce masa. Tare suke zuwa masallaci, tare suke zuwa asibiti, da yamma ya kai shi Corniche, bakin teku, ya zauna yana kallon jiragen katako yana ba shi labarin mahaifinsa da zamanin nutson lu'ulu'u. Malam Ɗalhatu uba ya ɗauke shi, ba kafil mai riƙe da bizarsa ba.

Da ciwo ya kwantar da tsohon, shi ne mai zaman jinya da rana. Wata rana bayan Azahar, ba kowa a ɗakin sai su biyu, tsohon ya janye abin numfashi daga fuskarsa, ya kama hannun Malam Ɗalhatu ya matse, ya ce: "Ya Talha, al-fard amana fi ragabtak." Wato fard amana ne a wuyanka. Ya maimaita sau biyu. Kwana uku bayan nan ya rasu.

To fard a littafi farilla ce, ko ɗan shekara bakwai a Islamiyya ya san wannan. Malam Ɗalhatu ya yi kuka, ya ce in sha Allah ba zai saki ba. A wurinsa tsoho ya yi masa wasiyyar da uba ke yi wa ɗa: ka riƙe sallar farilla. Da ma mai sallah ne, amma daga ranar sai abin ya koma wani iri. Ba ya bari sahun farko ya wuce shi. Ya ba mu labarin wasiyyar nan ya fi sau talatin, har na haddace yadda yake lumshe ido in ya zo wurin. Ya kira Wasilatu ya gaya mata, ya sa ta gaya wa yara. Yana cewa mutum yana da ɗa na cikinsa amma shi baƙo ya zaɓa ya yi wa maganar lahira.

Bayan an share makoki, Wadha ta kira shi ta ba shi wani tsohon akwatin fata mai ɗauri biyu. Ta ce mahaifinta ya ce wannan na Talha ne, tufafinsa ne, kada kowa ya taɓa. A satin kuma Nasir, wanda bizar ta koma hannunsa, ya ce yana son ɗakin direba zai mai da shi sito, ya nemi wurin kwana a waje. Haka ya zo mana Najma da jakarsa da akwatin. Ya tura shi ƙarƙashin gado bai buɗe ba. Ya ce ƙanshin turaren tsohon yana fitowa ta gefen murfin, in ya buɗe ba zai iya riƙe kansa ba.

Ranar wata Talata da La'asar, sauran 'yan ɗaki duk suna wurin aiki, ya ce in taimaka masa mu kai akwatin wurin masu kago, masu aika kaya ta jirgi, a aika gida, a raba wa dattawan unguwarsu tufafin su yi wa mamacin addu'a. Na ɗaga na ji nauyi, na ce a'a, Malam, mu buɗe mu rage, masu kagon nan da sikeli suke yanka mutum. Wallahi wannan ce kaɗai hikimar da na yi a duk labarin nan, ita ma rowa ce ta kawo ta. Da mun kai shi a rufe, da na'urar filin jirgi ce za ta buɗe mana shi, da sunansa da lambar katinsa a manne a jiki.

Jallabiyoyi ne farare a sama, a goge, sai rawuna, sai wata baƙar alkyabba mai bakin zinariya a naɗe a ƙasa. Na ɗauko alkyabbar zan warware, wani abu mai nauyi ya zame daga ciki ya faɗi kan katifa. Na ɗauka ma sakata ce ko wani ƙarfen mota. Sai da na ɗaga shi sama ina juyawa na ga bakin, na ga kunamar, na ga yatsana a kusa da ita.

Malam Ɗalhatu bai yi ihu ba. Zama ya yi a ƙasa daɓas, leɓensa na motsi ba sauti. Ni kuma na ajiye abin a hankali na je na murza makullin ƙofa, na dawo na sake zuwa na duba ko na murza. Kowa a garin nan ya san matsayin baƙon ma'aikaci da aka samu da makami ba takarda. Ba wanda zai tsaya jin tarihin akwati. Kurkuku ne, in ka fito a sa ka a jirgi, kuma mu biyar da muke kwana da shi a ɗakin ba wanda zai tsira daga tambaya. Na ji fitsari ya kama ni, na ji haushin tsohon da ban taɓa gani ba, na ji haushin Malam Ɗalhatu da ya kawo mana wannan masifa yana ta zancen ƙanshin turare.

Da ya samu bakin magana, abin da ya fara cewa shi ne ko dai ta wasa ce. Na ce ta wasa ba ta nauyin tabarya. Ya ce to ko ta lalace, tsohuwa ce, wataƙila doka ba ta ɗauke ta bindiga ba. Ni ban sani ba, shi bai sani ba. Muka mai da ita cikin alkyabba, muka tura akwatin can ƙuryar gado, muka yi zaman jiran gari ya waye kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da 'yan ɗaki suka dawo suna ta hira da dariya, ni kuwa idona na kan ƙuryar gadon.

Mutum ɗaya na sani da zai iya gaya mana abin da muke riƙe da shi ba tare da ya kai mu ƙara ba. Mudasiru ne, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi a wani babban kanti. Mahaifinsa ya yi shekara talatin yana kula da ɗakin makamai na 'yan sanda a can Ghana, shi kuma a gindinsa ya tashi yana kallon ana kwance bindigogi ana shafa musu mai. Na kira shi na ce ya zo da hantsi akwai maganar da ba ta waya ba ce. Ya zo yana mita don ranar hutunsa ce.

Da ya gani, mitar ta tsaya. Ya tambaya da Hausarsu ta Zango, wadda ba ta san mace ba, ko wani ya taɓa shi. Na ce ni na ɗaga ta jiya. Ya kalle ni kallon da ban so ba. Ya ciro hankici ya naɗe hannu, ya juya bakin ya kalli bango, ya danna wani ɗan ƙarfe a gefe, sai bindigar ta karye biyu kamar an buɗe almakashi. Wani abu ya yi tsalle ya faɗi kan tayil, ƙwal, ya gangara ya tsaya a jikin takalmina. Harsashi ne guda ɗaya, gindinsa ya yi kore don tsufa. Ramuka shida ne a abin nan mai juyawa, biyar ba komai, ɗaya kuwa da wannan a ciki tun jiya da nake juya ta a saitin kan Malam Ɗalhatu. Na zauna a bakin gado.

Mudasiru kuwa sai ya manta da tsoro, abin ya koma masa sha'awa. Ya matsa kusa da taga yana karanta jikinta kamar mai duba takardar haihuwa. Ya ce ta Ingila ce, Webley, irin ta hafsoshin soja, ga sunan nan a buge a gefe. Ya nuna mana shekara a ƙasan sunan, 1917, ya ce a shekarar aka ƙera ta, lokacin yaƙin duniya na farko. Ya nuna wata 'yar alama mai kama da sawun kaza, ya ce kibiya ce, tambarin gwamnatin Ingila, duk abin da ke ɗauke da ita kayan sojansu ne tun asali. Zoben da ke gindin ƙotar kuma na igiya ne, da hafsa ke ratayawa a wuya kada ta faɗi. Ya duba lamba a wuri uku, ya ce duk ɗaya ce, ma'ana ba a taɓa yi mata haɗe-haɗe da sassan wata ba. Ya rubuta lambar a bayan wani rasit ya ba Malam Ɗalhatu.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Na ce a kawo soson ƙarfe da omo in goge ta tas, saboda shatin yatsuna yana jikinta. Mudasiru ya ce in na kuskura sai ya mare ni. Ya ce wannan dusashen baƙin da nake gani shi ne darajarta, wanda ya goge ta ta yi ƙyalli ya kashe ta. A ƙasar Turawa, in ji shi, irinta suna da yawa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma a nan, wadda lambobinta suka dace, in kuma ta yi shekara ɗari a gida ɗaya aka san kakan da ya riƙe ta, masu tara kayan tarihi za su yi rububinta. Sannan ya ce tana aiki sarai, kada mu yaudari kanmu, a wurin hukuma bindiga ce kamar wadda aka ƙera jiya.

Yana naɗe ta ne ya faɗi maganar, ba da wata niyya ba. Ya ce Larabawan da suke gadi tare ba musaddas suke ce wa irin wannan ba, wannan na labarai ne, su tsofaffin garin nan fard suke cewa.

Malam Ɗalhatu ya ɗago kai ya ce, "Me suke cewa?"

"Fard," in ji Mudasiru. "Ƙaramin bindiga, shi ne fard."

Na ga fuskar mutum ta canza a gabana kamar an zare mata jini. Ni ma a lokacin abin ya faɗo mini, don na ji labarin asibitin nan har na gaji. Mudasiru yana kallonmu bai san abin da ya yi ba.

Can sai Malam Ɗalhatu ya dafe kai ya fara salati, ya ce akwai wata magana kuma. Sati biyu ke nan Nasir yana waya a bayan mota yana faɗa yana cewa fard ya ɓace, fard ya tafi. Shi kuma ya ɗauka mutuwar uba ce ta taɓa yaron, yana kukan yadda mutane suka yi watsi da farilla. Har ya zo ɗaki ya ce mana mu taya Nasir addu'a, ya fara shiryuwa. Shekaranjiya kuma ya ji ya ce ranar Lahadi zai je markaz a kan maganar, shi kuma ya ɗauka markaz irin na gida, inda ake wa'azi. Mudasiru ya ce markaz ɗin 'yan sanda yake nufi. Wato ranar Lahadi za a rubuta cewa an sace bindiga a gidan Bu Nasir, kuma mutumin farko da za a nema shi ne direban da ya bar gidan da akwati.

Nan fa na birkice. Na ce mu kai ta Corniche mu jefa a ruwa ta bayan jiragen katako. Mudasiru ya ce kyamarorin wurin sun fi fitilu yawa, kuma ko mun jefa, in aka zo bincike me za mu ce. Na ce to a tura ta cikin kwandon shara a wata unguwa. Na faɗi abubuwa da yawa a ranar, har da cewa ni zan kwashe kayana in ce ban san shi ba, kuma ba wasa nake ba, ina jin kunyar wannan har yanzu. Amma Malam Ɗalhatu ya ce ba za a jefar ba. Ya ce ko farilla ce ko bindiga ce, kalmar amana dai ya ji ta daidai, kuma ya amsa. Na ce amanar da za ta kai ka kurkuku? Ya ce shi ma tsoron yake ji, ya fi ni ji, amma Wadha ce ta ba shi akwatin da hannunta, wurinta zai mayar.

Ranar Alhamis da safe muka shirya akwatin yadda muka same shi, alkyabba a ƙasa, jallabiyoyi a sama, harsashin a cikin kwalin ashana a aljihun gefe. Ban san abin da ya sa na ce zan kai shi ba. Ina jin kunyar maganar jiya ce. Daga Najma zuwa Old Airport ba ya wuce minti goma sha biyar, amma ban taɓa yin tuƙi mai tsawonsa ba. A danja ta biyu motar 'yan sanda ta zo ta tsaya a gefenmu. Na kafe idona a gaba. Sai na ji hon. Na juya, ɗan sandan ya sauke gilashi yana nuna bayan motata. Malam Ɗalhatu ya riga ya ciro katinsa daga leda ya riƙe a hannu, yana karanta abin da ake karanta wa mai shirin mutuwa. Ashe but ne ban rufe da kyau ba, ɗaurin akwatin ya leƙo waje. Na fita, na tura ɗaurin na buga murfin, na ɗaga wa ɗan sandan hannu. Ya gyaɗa kai suka wuce. Sai da na ja gefe na yi minti biyar kafin na iya ci gaba.

Mun yi sa'a Nasir ba ya nan. Wadha ta fito tsakar gida, mace mai kimanin shekara hamsin da tabarau, ta ga akwatin ta ga fuskokinmu. Malam Ɗalhatu ya tsuguna irin na gida, abin da ta sha hana shi, ya buɗe akwatin ya warware alkyabbar ya ja da baya. Ta dafe ƙirji. Ta tambaye shi a ina ya samu, da wata murya da ta sa na fara duba ƙofa. Ya gaya mata komai da Larabcinsa na littafi, yana haɗawa da rantsuwa. Ta ce to me ya sa ranar makoki da ta tambaye shi ko mahaifinta ya bar wata magana, ya ce mata ya ce a riƙe sallah? Ya ce haka ya fahimta. Ta ce ya faɗa mata kalmomin yadda suka fito, kada ya fassara.

Ya faɗa. Ta ce ya sake, ya sake.

Sai ta zauna a kan matakala ta cire tabarau. Ta ce wannan bakin mahaifinta ne, haka yake cewa in ya ba mutum abin da yake tsoro a kai. Da ta ga harsashin a kwalin ashana kuwa sai hawaye. Ta ce ta san ranar da aka sa shi. Bindigar ta kakanta ce, wani hafsan Ingila ya ba shi, kuma akwai takardar izininta da sunan mahaifinta. Shekara goma sha biyu da suka wuce Nasir ya yi faɗa da mijinta, ya shiga ɗaki ya ɗauko ta ya sa harsashi, tsohon ne ya tsaya a tsakaninsu ya karɓe. Tun ranar ba wanda ya sake ganinta. Yanzu kuma Nasir ya yi wa wani mai tara kayan tarihi alkawarinta, shi ya sa yake neman ta kamar zai tashi gidan. Ta ce mahaifinta so yake ta fita daga gidan ba ta hannun Nasir ba, kuma bai ga wanda zai ba ba sai Talha.

Ni dai a raina na ce Allah ya jiƙansa, amma bai kyauta ba. Ka ɗauki abin da kai ɗan ƙasa kake tsoro ka ɗora wa baƙo mai kati a leda, ka faɗa masa da kalmar da ba ka tabbatar ya gane ba.

Wadha ba ta jira Lahadi ba. Ta shiga ta ɗauko takardar, ta kira hukuma da kanta ta ce tana so ta miƙa makamin mahaifinta da ya rasu. Suka zo su uku. Awa biyu muna tsaye a inuwar katanga ana tambaya, rigar Malam Ɗalhatu ta jiƙe har ƙugu. Suka gwada lambar jikin bindigar da ta takarda, ta dace, ita ce kuma wadda Mudasiru ya rubuta a bayan rasit. Suka tambayi yadda aka yi ta je Najma. Wadha ta ce ita ta ba da akwatin da hannunta ba ta duba ba, direban kuma da ya gani ya dawo da shi, in akwai laifi nata ne. Babbansu ya daɗe yana kallon Malam Ɗalhatu, ya karɓi katinsa ya juya gaba da baya, sannan ya miƙa masa. Suka sa shi ya sa hannu, suka tafi da bindigar da harsashin.

Nasir ya iso suna fita. Da motarsu ta sha kwana ya juyo ya kalli mutumin da ya kai shi makaranta yana yaro, ya miƙa hannu ya ce makullin mota. Ya karɓa ya ce khalas, aiki ya ƙare. Wadha ta yi magana, ta yi faɗa, amma biza a hannunsa take.

Mun ce masa ya tsaya, yanzu ana iya canza wurin aiki, direba irinsa ba zai rasa ba. Wadha ma ta ce za ta ɗauke shi. Ya ce a'a, shekararsa hamsin da shida, kuma tun ranar danjar nan in ya ji hon sai gabansa ya faɗi, mai irin wannan zuciyar bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Ya ce da ƙafarsa zai koma kamar yadda ya roƙa, wannan ya ishe shi.

Ranar da zai tafi, da rana, muna zaune mu biyu a ɗaki, akwatin fata a ɗaure a bakin ƙofa da tufafin tsohon a ciki. Tun ranar Larabar da Mudasiru ya zo bai sake ba da labarin asibiti ba. Na ɗauka aikin yake tunani, na fara ba shi baki. Ya girgiza kai. Ya ce ba aikin ba ne. Ya ce wata huɗu yana jin kansa ɗa, ashe aike aka yi masa. Ya ce bai san yadda zai gaya wa Wasilatu da yara ba, don yanzu ƙaramin ma ba ya fashin jam'i saboda wasiyyar Balarabe.

Sai ya ce, "Ghali, sallolin nan da na yi ta yi a sahun farko saboda maganarsa, kana ganin za a karɓa?"

Na ce ni ba malami ba ne, shi ne ya yi karatu. Ya shiga murza ledar katinsa, wanda ba sauran amfanin da zai yi masa. Ana cikin haka aka kira La'asar a masallacin bayan layinmu. Jirginsa sai bayan Magariba, na ce ya huta mu yi a ɗaki, mu kama hanya. Ya zura takalmi ya fita da sauri, ina jin sawunsa a matakala, don kada sahun farko ya cika.